Alamun da Kinue Ta Kwance

A garin Kurumidani mutum zai iya gaya maka ciwon da likita ya ce shi ne ajalinsa, zai iya gaya maka abin da ya raba 'yarsa da mijinta, amma ka tambaye shi gindin bishiyar da yake ciro maitake duk kaka, sai ya ɗaga kai ya fara yi maka zancen hadari. Laimar kwaɗin nan mai daɗin ci, wadda kan fito cunkus a gindin tsofaffin itatuwa, kowa da wurinsa, kuma ba a faɗa. Miji ba ya gaya wa mata, uwa ba ta gaya wa ɗa. Sau ɗaya ake faɗa a rayuwa, ranar da ƙafa ko kai ya gaza. Ranar mutum zai kira wanda ya zaɓa ya nuna masa, ya dawo gida ya rataye kwandonsa. Kowa a garin ya sani, wanda ya faɗi wurinsa ya yi sallama da dutse ke nan.

Furihata Kinue ta haura saba'in, kuma ba ta da niyyar rataye komai. 'Yar gajeriyar mace ce mai bakin tsiya, wadda ko samari ba sa iya jera tafiya da ita a kan hawa. Ɗanta Tatsuo da matarsa Sachiyo ne ke riƙe da masaukin baƙin gidan, amma abin da ke dawo da baƙi duk shekara shi ne shinkafar maitake ta tsohuwa, kuma tsohuwar ba ta bari a manta da hakan.

Sai dai akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba. Bara, har sau biyu, ta tsaya a tsakiyar dajin da ta sani kamar ɗakin girkinta, ta rasa gabas ta rasa yamma. Ta zauna a kan dutse har hankalinta ya dawo. Ta san Tatsuo sarai. Da ya ji, sai asibitin birni, daga asibiti sai kujera a gaban talabijin. Don haka bana ta shiga rumbun kayansa ta zari naɗin leda mai ruwan hoda, irin wadda ƙungiyar masu gyaran hanya ke ɗaurawa a rassan itatuwa da zarar dusar ƙanƙara ta narke. Tatsuo ne shugaban ƙungiyar. Daga Hanyar Tafki, wadda iyalai ke zagayawa da keken jarirai, har hanyar da ta miƙe zuwa ƙololuwar dutsen Onigura, duk ledarsu ce, kuma ko yaron goye ya san inda ka ga wannan leda, kana kan hanya.

Kinue ta fi kowa sanin haka, ba sai an gaya mata ba. Ta ce wa ranta na 'yan makwanni ne kawai. Ta ɗaura ta farko can ciki, bayan wani lanƙwasa na Hanyar Tafki inda ganye ya rufe, sannan ta yi ta ɗaurawa har gindin bishiyarta. Dabarar ta yi mata daɗi ƙwarai. Abin da ba ta kawo a ranta ba, ita da ta ga kaka sama da saba'in, shi ne ganye yana zuba.

Cikin baƙin makon nan akwai wani dattijo daga Nagoya, Malam Udagawa, tsohon direban bas, da matarsa Harue. Mutum ne mai son raha, tun ranar farko ya sa Kinue a gaba.

"Iya, ni fa baƙo ne, gobe na tafi. Raɗa min a kunne, ina kike samo abin nan?"

"A kanti," in ji Kinue. "Kusa da sabulu."

Ya yi dariya har da tari. Bayan abincin rana ya ɗaura takalmi ya ce zai zagaya tafki. Harue gwiwa ta hana ta, ta rako shi bakin ƙofa tana ja masa kunne.

"Tafki kawai fa, Keizo. Kada ka ga dutse ka tuna kai saurayi ne."

"Haba, hanyar da jarirai ke bi? Kafin shayinki ya huce na dawo."

Shayi ya huce, aka sake wani, shi ma ya huce. Da rana ta faɗa bayan Onigura, hazo ya sauko ya cika kwarin, waya kuma ba ta shiga. Tatsuo ya kira mutanensa, suka zagaya tafkin da tociloli suna busa usur, suka dawo babu labari. Ra'ayinsu ya zo ɗaya: mutumin ya kai mararraba, ya ga allon da ke nuna ƙololuwa, zuciya ta ɗebe shi. Ba shi ne na farko ba. Suka yanke da gari ya waye za a bi hanyar sama.

Kinue ce ta kai wa Harue abinci. Matar ta zauna a gaban tiren ba ta taɓa ba, ta ɗora hannaye a cinya.

"Ba su san shi ba ne," in ji ta. "Keizo ba ya barin hanya. Duk shekarun da ya yi yana tuƙi bai taɓa sauka daga layinsa ba. Ko a kasuwa, in aka zana kibiya a ƙasa, ita yake bi, ina yi masa dariya. In ya ga alama zai bi, in babu ba zai taka ba."

Kinue ta tuna lanƙwasar nan, ta tuna shekaranjiya da ta wuce ta ga rassan sun fara yin tsirara, har ta ce a ranta ya kamata ta matsar da ta farkon, sannan ta manta. Ta tsaya riƙe da murfin kwano kamar an dasa ta.

"Ki ɗan ci ko kaɗan," ta ce.

Harue ta ɗauki tsinken cin abinci don kada ta ƙi, ta kai loma ɗaya. "Shi ya fi son wannan. Ki ajiye masa nasa, Iya."

A bakin ƙofa Tatsuo na zaune yana kwance igiyar takalmi, wuyan takalmin duk laka. Kinue ta tsaya a bayansa. Maganar tana bakinta, 'yar gajeriya ce, numfashi ɗaya ya ishe ta. Amma bayan maganar akwai tambaya, me ya sa kika ɗaura, kuma bayan tambayar akwai kwando a rataye. Ta ce wa ranta ai ba tabbas. Mutumin birni, da takalmin nan nasa mai santsi, me zai kai shi cikin gora? Ai maza sun ce sama ya yi, kuma sun fi ta sanin baƙi.

"Mama, lafiya?"

"Gobe ka ɗauki rigar ruwa," ta ce. Ta wuce ɗaki tana jin ƙyamar kanta.

Da gari ya fara haske ta goya kwando ta fita ta ƙofar baya. Shawararta mai kyau ce a yadda ta tsara: za ta je har bishiyar ta duba da kanta. In yana can ta fito da shi, ta ce sa'a ce. In ba ya can, ta kwance ledar a hanyar dawowa, magana ta mutu.

A kan gada ta ci karo da tsoho Gonda, maƙwabcinta, abokin hamayyarta a harkar maitake tun suna da baƙin gashi. Yana sanye da hular 'yan ceto da ta yi masa yawa.

"A'a! Kinue! Gari na neman mutum, ke kina neman miya?"

"Baƙi ba za su ci hularka ba. Matsa min."

"Ki dai gaya min inda za ki, ko da kin ɓace mu san inda za mu nufa."

"In na ɓace ka bar ni. Gara hankaka ta same ni da kai."

Ya ƙyalƙyale da dariya, ita ma ta yi yaƙe, ta wuce.

Tun daga nesa ta hango ledar farko. Ganyen ya zube ƙaf, tana nan tana kaɗawa a reshe tsirara, ko makaho ya gan ta. Kinue ta kutsa cikin gajeriyar gora, daga leda zuwa leda, hazo ya yi kauri har sai ta kai ga ɗaya take ganin ta gaba. Ta duba ƙasa ko za ta ga sawu, ganye ya rufe komai. Ta tsallake 'yar ƙorama, ta hau, ta kai wani gungumen itace da ya faɗi tun zamanin uwar mijinta. Nan ne rabin tafiya. Gwiwoyinta suna zafi, don ba ta runtsa ba.

A nan ta ji usur daga baya, can wajen tafki, da muryoyin maza. Ayarin Tatsuo ne ke wucewa zuwa mararraba, kuma dole su bi ta lanƙwasar nan. Jiya duhu ne ya rufa mata asiri. Yau in ɗaya ya waiwaya hagu, zai ga leda a inda ƙungiya ba ta ɗaura ba.

Ta haɗa hannaye a baki. "Malam Udagawa!"

Kira ne na wanda ba ya son a ji shi, ita kanta ta sani. Ta sake, ɗan sama da na farko. Ƙoramar na ta surutunta, ban da ita babu komai. Ta jira kaɗan, ba da yawa ba. To, ka gani, in ji zuciyarta, ba ya nan. Wa zai kawo kansa har nan? Kuma barin ledar nan hatsari ne, wani ma zai iya bi. Da wannan kyakkyawan dalili ta juya, ta kama kwancewa ɗaya bayan ɗaya tana cusawa a aljihun rigar aikinta, tun daga gungumen har ta bakin hanya. Mazan sun riga sun wuce, babu wanda ya waiwaya. Ta koma gida da kwando wayam, Sachiyo ta kalli kwandon ta kalle ta.

Kamar kullum in an yi ɓata, matan gari suka hallara a zauren taro suna dunƙula shinkafa domin masu nema. Kinue ta fi kowa sauri, hannunta bai tsaya ba, don in ya tsaya tunani ke zuwa. Lasifikar gari ta yi ta maimaita kamannin mutumin: riga shuɗiya, hula mai baki. Jirgi mai saukar ungulu bai iya tashi ba saboda hazo, rediyo kuma ya ce ruwa mai sanyi na tafe da yamma. Wata ta ce dare ɗaya a wannan sanyi dattijo zai iya, amma na biyu da ruwa a jiki, sai dai a yi shiru. Aka yi mata tsawa, don Harue na shigowa.

Harue ta ƙi zama a masauki, ta ce a ba ta aiki. Aka ba ta wuri kusa da Kinue. Ta yi dunƙule biyu duk suka wargaje, sai ta goge hannu ta ciro waya.

"Jiya ya aiko min wannan kafin waya ta ɗauke. Na nuna wa ɗan sanda, ya ce itace ne da leda, duk dutsen haka yake. Ke da kika san dajin, Iya, ko za ki gane wurin?"

Hoton Malam Udagawa ne, ya miƙa hannu ya ɗauki kansa, yana murmushi da dukan haƙoransa. A gefensa reshe, a reshen leda, daidai ƙirjinsa. 'Yan ƙungiya sama da kai suke ɗaurawa, don kada dusar ƙanƙara ta binne. Mutum ɗaya ne a garin nan zai ɗaura leda a wannan tsayi, saboda iyakar inda hannunta ke kaiwa ba tare da ɗage ba ke nan. A bayansa kuma ga 'yar ƙoramar.

"Ya rubuto wai hanyar a gyare take, mutanen garin nan sun iya aiki," in ji Harue.

Shinkafar da ke hannun Kinue ta faɗi a tire. Duk dalilan da ta tara tun jiya suka watse, babu ko ɗaya da ya tsaya mata. Kunya da tsoro suka rufe ta lokaci guda, aljihunta kuma ya yi mata nauyi kamar ta cika shi da tsakuwa.

Da azahar ayarin farko ya sauko cin abinci, a gajiye, babu labari. Kinue ta ja hannun rigar Tatsuo zuwa bayan zaure, inda ake tara itacen wuta. Ta faɗa masa duka, a tsaye, idonta a kan takalminsa: ɓatan bara, ledar da ta zara, hoton, da abin da ta yi da safe. Ta buɗe bakin aljihun ya gani.

Tatsuo ya kalli cikin aljihun. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Tun yaushe kika yi zargin haka?"

"Tun jiya da yamma."

"Tun jiya. Kina tsaye a bayana kina min zancen rigar ruwa." Ya dafe goshi. "Mama, mutum ne fa. Mijin wata ne."

"Na sani."

"Ba ki sani ba! Da kin sani..." Ya haɗiye sauran. Ya waiwaya ya ga ba kowa, ya sassauta murya. "Rufe aljihun nan. Kada ki nuna wa kowa, kin ji ni? Ni zan san abin da zan faɗa. Yanzu ki kai mu."

Ya shiga ya ce wa mazan mahaifiyarsa tana zargin wani wuri a bayan tafki, za ta nuna hanya. Ba wanda bai gane wane wuri ake nufi ba, da abin da nuna shi yake nufi. Gonda, wanda ya shafe rabin rayuwarsa yana neman wannan rana, ya ajiye dunƙulen shinkafarsa ya cire hula.

"Mayar da hularka, ba mutuwa na yi ba," in ji Kinue. Amma muryarta ba ta fita yadda ta so ba.

Ta shige gaba daga lanƙwasar, maza na biye. Da farko ƙafarta ta san abin da take yi. Ta ratsa gora, ta kai ƙorama, ta tsallake. Sai ta ga kamar ba a nan ta saba tsallakewa ba. Ta koma baya, ta haura kaɗan, ta sake tsallakewa. Itatuwan duk suka zama iri ɗaya, tsirara, jiƙaƙƙu, hazo na yawo a tsakaninsu. Ta nufi dama da ƙarfin hali, ta yi tafiya mai ɗan nisa, sai ga su a bakin ƙoramar kuma. Yayyafi ya fara sauka.

Ta tsaya. Mazan suka tsaya a bayanta. Abin da zai nuna mata hanya yana nan a dunƙule a aljihunta, ita ta cire shi da hannunta.

"Mama?"

"Ban san hanya ba," ta ce. Ta ɗaga murya don kowa ya ji, tunda abin ya zo. "Na manta. Tun bara nake mantawa. Akwai gungume da ya faɗi, daga shi sai a haura tudu, amma ban san ta ina yake ba."

Wani saurayi ya sunkuyar da kai. Gonda ya yi gyaran murya, ya matso yana sosa ƙeya.

"To, tunda yau ranar tonon asiri ce. Ni dai na sha bin bayanki, Kinue, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Kullum a wajen wani tsagaggen dutse kike ɓace min, kamar ƙasa ta haɗiye ki. Dutsen yana can sama, hagu da nan."

"Ɓarawo," in ji Kinue, hawaye na zubo mata.

"Ɓarawon da bai taɓa samun komai ba. Mu je."

Daga tsagaggen dutsen Tatsuo ya jera mutane a layi, kowa na ganin na kusa da shi, suka dinga haurawa suna busa usur suna tsayawa su saurara. Ruwa ya ƙaru. Aka sami gungumen, ga leda ruwan hoda a gaba da shi tana bin tudu. Tatsuo ya kalli ledar, ya kalli tsayinta, ya kau da kai. Kafin a yanke shawarar haurawa, na ƙarshen layi ya yi ihu daga gefen wani kwazazzabo, ƙasa kaɗan da gungumen.

Yana can ƙasa a kan duwatsu, rigarsa shuɗiya ta jiƙe sharkaf, ƙafarsa ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Amma da aka kira sunansa ya ɗaga hannu. Aka sauka da igiya, aka naɗe shi da bargo, aka ɗaure shi a gadon ɗauka, aka jawo shi sama da ƙyar. Mai duba shi ya ce ƙugu ne ya karye, kuma sanyi ya shige shi sosai, a yi sauri. Kinue ta jingina da itace. Yana da rai. Ta yi ta maimaita wannan a zuciyarta, har ta fara jin kamar za ta iya numfashi.

Suna gyara igiyoyin ɗauka, Malam Udagawa ya kamo hannun Tatsuo. Leɓɓansa sun yi shuɗi, haƙoransa na haɗuwa, amma sai ya yi magana.

"Ku yi haƙuri, na wahalar da gari guda. Ku yi haƙuri."

"Kada ka yi magana, Malam. Ka huta."

"Jiya lafiya lau nake. Duhu ya kama ni a gindin wata babbar bishiya, alamun sun ƙare a nan. Na ce to, kada in yi wauta, in zauna. Na shiga kogon gindinta na kwana, ko ƙwarzane ban yi ba." Ya ja numfashi. "Da hazo ya ɗan yi sauƙi na biyo alamun, ɗaya bayan ɗaya, ina cewa yau Harue za ta cinye ni ɗanye. Har gungumen can. Daga nan babu. Na duba, na zagaya, na sake zagayawa, babu ko ɗaya. Ina cikin nema ƙafata ta zame."

Tatsuo bai ɗago ba, yana ta jan igiyar da ta riga ta ɗauru.

"Jiya na gan su. Na rantse na gan su tun daga tafki." Muryarsa ta karye. "Ko ban gan su ba? Tun safe nake kwance ina tambayar kaina. Mahaifina haka ya fara, yana ganin abin da babu, har ya daina gane mu. Don girman iyayenka, kada ka gaya wa matata. Ka ce santsi ne kawai. Ta daɗe tana cewa na fara mantuwa, ina musu. Ashe kaina ne ya tafi."

Dattijon ya fashe da kuka, ba don ƙugun ba. Kinue ta san wannan kuka. Ta yi irinsa bara, a kan dutse, ita kaɗai, ba da nisa da nan ba.

Ta saki itacen ta tako. Tatsuo ya gan ta, ya gane.

"Mama," ya ce a hankali. "Mama, a'a."

Ta durƙusa a cikin laka a gefen gadon, ta zura hannu a aljihu ta ciro su duka, a cukurkuɗe, jiƙaƙƙu, wasu da guntun ɓawon itace a ƙullinsu. Ta ɗora su a kan bargon, daidai inda idonsa zai gani.

"Ka gan su, Malam. Kanka lafiya yake, ƙalau. Ni na ɗaura su, ba na hanya ba ne, nawa ne. Ni kuma na kwance su yau da safe, don kada a san ni ce."

Malam Udagawa ya kalli ledar, ya zaro hannu daga bargo ya taɓa ɗaya, ya murza ta a yatsunsa. Ta ga sauƙi ya sauko masa a fuska, ta ga kuma sauƙin ya wuce, wani abu ya maye gurbinsa.

"Da safe," ya ce. "Ke ce kika kira sunana? Muryar mace, sau biyu."

Ta gyaɗa kai.

"Na amsa fa, Iya. Ina kan tudu ina saukowa. Na ce ga ni nan zuwa, a jira ni."

Ya ɗan jira ko za ta ce wani abu, sannan ya juyar da fuskarsa ɗaya gefen ya rufe ido.

Tatsuo ya ba da umarni da muryar da ba ta yi kama da tasa ba, maza suka ɗaga gadon. Babu wanda ya ce mata ta taso, babu wanda ya kalle ta, har Gonda. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta bi bayansu da sauri don kada hazo ya raba su, saboda ita kaɗai ba za ta gane hanyar gida ba.